SAYEN NAGARI, MAYAR DA KUƊI GIDA: JAWABI KAN SAYEN SABUWAR TALABIJIN

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, wanda ya daɗe yana sana'ar gyaran rediyo da talabijin a nan Abuja, ya gabatar a taronmu na wata-wata. Mun buga shi yadda ya faɗe shi saboda waɗanda ba su sami halarta ba.)

 

Shugaba ne ya ce lallai in tashi in yi magana a kan sayen talabijin, tun da kusan kowane mako sai wani daga cikinmu ya sallama mini a shago da tasa a kafaɗa. Ni ba malami ba ne, bakanike ne, saboda haka in harshe ya zame a yi mini afuwa.

Dattawan da ke nan za su tuna lokacin da akwatin talabijin ɗaya ke ɗaukar unguwa guda. An fara talabijin a ƙasar nan a Ibadan a 1959, tamu ta Arewa kuma ta fara a Kaduna a 1962, sannan aka kafa NTA a 1977. Muna yara, sai mun wanke ƙafa kafin a bar mu mu shiga falon maƙwabcinmu mu kalli Samanja Mazan Fama, wanda bai sami wuri ba kuwa ya leƙa ta taga. Akwatin nan har ƙofa gare shi ta katako, da makulli. Na zo garin nan jim kaɗan bayan gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991, kuma irin waɗannan akwatuna masu ƙaton ƙeya na fara gyarawa. In ɗaya ya lalace, ka buɗe, ka canza abin da ya ƙone, ya koma aiki shekara da shekaru. Na yanzu masu faɗi kamar faranti sun fi kyan hoto, sun fi ƙarancin shan wuta, amma ba su da haƙuri irin na dā. Shi ya sa dole a yi hattara tun daga wurin saye.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na yarda na tsaya a nan. Wani ɗan'uwanmu, ba zan kama suna ba, ya kwashi adashinsa zai yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Ya shiga wani shago, aka nuna masa wata ƙatuwar talabijin da sunan babban kamfani a goshinta, a farashin da bai kai rabin na sauran shaguna ba. Ya ce ya yi tsuntuwa. Ba a kunna ta a gabansa ba, rasit ɗin da aka ba shi kuma ba a rubuta komai a kai ba sai "talabijin ɗaya". Amarya ba ta cika wata biyu a ɗakinta ba hoto ya ɗauke, sai murya. Da ya kawo mini na buɗe, wallahi babu abin da ya haɗa cikinta da kamfanin nan, sunan kawai aka manna. Ya koma shago, aka ce ba a san shi ba. Kuɗin sauya gilashin ya kusa kuɗin wata sabuwa. Bawan Allah nan ya zauna a kan bencina ya yi tagumi, abin da ke damunsa ma shi ne da wane ido zai dubi surukai. Daga ƙarshe bashi ya ci ya sayi wata. Kun ga an yi sayen sau biyu ke nan, an kuma ɗora bashi a kai.

To, jama'a, magana ɗaya nake so kowa ya tafi da ita gida. Kuɗin da ka miƙa wa mai shago somin-taɓi ne. Ainihin kuɗin talabijin shi ne wannan, da kuɗin abin da zai kare ta daga wuta, da kuɗin wutar da za ta sha, da kuɗin tashoshi ko data, da kuɗin gyara in ta lalace. Wanda ya haɗa waɗannan biyar kafin ya fita daga gida, shi ne zai san wace ce mai araha.

Kowa ya san yadda kaya suka yi. Talabijin, ko an harhaɗa ta a nan gida, kayan cikinta daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Don haka ba zan faɗa muku farashi a nan ba, kada ku je kasuwa ku ce na yi muku ƙarya. Abin da zan ce shi ne a taka a zagaya. A tambaya a Kasuwar Wuse, a leƙa Banex da ke Wuse II, a je Utako ko Garki, mu na wannan ɓangare kuma ga Nyanya ga Mararraba. A shiga shagon dilan kamfani a ji nasa farashin, shi ne ma'auni. In shago uku sun faɗi kuɗi kusa da juna, na huɗu ya faɗi rabi, to a gudu. Araha ba ta ado.

Na farko, girma. Incin talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, a karkace, gilashin kaɗai ban da baki. Mai inci 32 tana da santimita 81, mai 43 tana da 109, mai 55 kuma wajen 140. Ku tafi da tef ɗin tela a aljihu, don na sha ganin kwali ya ce 43, a auna a ga ba ta kai ba. Sannan mu dubi ɗakunanmu. Yawancinmu ciki da falo muke haya, tsakanin kujera da bango bai wuce taku uku ba. A irin wannan ɗaki mai inci 32 ta wadatar, in an yi ƙoƙari 43. Wanda ya kai mai 55 ɗaki ɗaya ya sayi ciwon wuya da kuɗinsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na biyu, rubuce-rubucen da ke jikin kwali. Har yanzu muna cewa "filasma", alhali manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma tun wajen 2014. Abin da ke kasuwa a farashin talaka LED ne. Za ku ga an rubuta HD, ko Full HD, ko 4K. Wannan yawan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su ba da hoto ne, na 4K ya ninka na Full HD sau huɗu. Amma fa talabijin ba ta ƙirƙiro kyan hoto, abin da aka aiko mata shi take nunawa. In ƙaramar dikoda gare ka, ko fim ɗin da aka tura maka a filash, kuɗin 4K asara ne. A kan inci 32 ma ido ba ya rabe bambancin daga kan kujera.

Haka batun "simat", wato mai shiga intanet. Yara za su matsa maka lamba a kanta saboda YouTube. Ka tambayi kanka wa zai riƙa sayen data, don kallon awa ɗaya na hoto mai kyau yana iya cin gigabait 1 zuwa 3. In abin da gidanka ke kallo shi ne labaran NTA, da Arewa24 da ta fara a 2014, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da ƙwallo, to talabijin ta gama-gari mai kyau da dikoda ta ishe ka. Ranar da hali ya samu, akwai ɗan akwatin da ake saƙala mata ta ramin HDMI ta koma mai intanet. Saboda haka a duba a ga tana da ramin HDMI aƙalla biyu da na filash. In kun ga DVB-T2 a kwali, ma'anarsa tana kama tashoshin dijital da eriya, irin tsarin da aka ƙaddamar a Jos a watan Afrilu na 2016, a nan Abuja kuma a Disambar shekarar. Sai dai tashar da aka kulle, kamar na StarTimes ko GOtv ko DStv, sai da dikodarta da kuɗin wata. A sa wannan a lissafi tun yanzu.

Na uku, wuta, kuma nan ne gizo ke saƙa. Mafi yawan talabijin ɗin da ake kawo mini, wuta ce ta kashe su. Har yau NEPA muke cewa, ko da yake AEDC ce ke raba mana wuta tun 2013. A ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, ko yaro ya tayar da janareta talabijin tana jone, shi ke nan bod ɗin wuta ya ƙone. Kada wanda ya kai sabuwar talabijin gida ba tare da ɗan akwatin kariyar nan da masu shago ke kira "gad" ba. Aikinsa ya yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ya kuma ɗan jinkirta kafin ya sake ta. In layinku kullum wutar ba ta da ƙarfi, sai an haɗa da sitabilaiza. Misali, in naira dubu 200 ke hannunka, kada ka nemi talabijin ta dubu 200. Cire kuɗin kariya, da ƙarfen rataye ta a bango, da kuɗin mota, abin da ya rage shi ne kuɗin talabijin ɗinka.

A juya bayanta kuma a karanta wat nawa take sha. Ƙarama mai wat 45, in ana kunna ta awa 6 kullum, za ta ci yunit 8 da ɗan ɗoriya a wata. Babba mai wat 100 za ta ci yunit 18. Lokacin da aka mayar da yunit ɗaya naira 225 ga 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, bambancin nan kaɗai ya haura naira 2,000 a wata. Masu sola da batir kuwa su nemi wadda aka rubuta AC/DC a jikinta, mai aiki da bolt 12, ba ruwanta da jiran NEPA.

Na huɗu, ranar ciniki. Kada a yi cinikin biri a sama. A ce a buɗe kwalin a gabanka, a kunna wadda za ka ɗauka, ba ta kan kanta ba. Lambar samfurin da ke jikin kwali, da ta takardar bayanta, da wadda za ta nuna a cikin saitinta, su zama iri ɗaya. Ka ba yaronka ya buga lambar a waya ya ga ko kamfanin ya san da ita. A sa mata hoto fari fat, sannan baƙi ƙirin, a matsa kusa a duba ko akwai ɗigo ko layi ko wani gefe mai duhu. A ƙure murya a ji ko tana kakari. A gwada rimot da kowane rami. Sannan rasit: a rubuta sunan kamfani, da inci, da lambar samfuri, da lambar siriyal, da kwanan wata, da hatimin shago. A cike katin garanti, ka kuma tambaya, in ta lalace ina zan kai ta a nan Abuja? In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Kamfanoni irin su LG da Samsung da Hisense da TCL sanannu ne, akwai kuma masu sauƙin kuɗi irin su Polystar da Nexus. Ban zo tallar kowa ba. Ƙaramin suna na gaskiya mai garanti ya fi babban suna na jabu.

Wani zai ce, to ta hannu fa, wato tokumbo? Akwai masu kyau a ciki, amma ba ka san awa nawa fitilunta suka yi suna ci ba, kuma garantinta ba ya wuce 'yan kwanaki. Wasu ma an yi su ne don wutar Amurka mai bolt 120 ko ta Japan mai 100, tamu kuwa 230 ce. In bambancin kuɗin ba shi da yawa, ƙaramar sabuwa ta fi babbar tsohuwa kwanciyar hankali. Masu ba da kaya a biya kaɗan-kaɗan kuma, a haɗa jimillar abin da za a biya har ƙarshe a kwatanta da farashin kuɗi hannu kafin a sa hannu a takarda.

In kuma an cuce ka, kada ka ce ka bar wa Allah tun ba ka motsa ba. Fara da shugabannin kasuwar, suna sasanta irin wannan. In abin ya faskara, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda aka sa hannu a dokarta a 2019, hedkwatarta kuma tana nan Abuja. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Amma ba rasit, ba magana.

Iyayenmu mata, ga naku. A ɗauko ta a tsaye, kada a kwantar da ita a bayan mota a ɗora kaya a kai. A rataye ta inda hannun yara ba ya kai, don garanti ba ya biyan fasasshen gilashi. Kada a lulluɓe ta da leshi tana kunne, zafi ke kashe fitilunta. Ƙurar hunturu a share da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da ruwa. Da damina kuma, da an fara walƙiya a zare waya daga bango, a zare ta eriya. Sannan ina roƙon ku a sassauta gasar kayan ɗaki. Ba girman talabijin ke zaunar da aure ba.

Daga ƙarshe, Malam Shugaba, ina da shawara. Ƙungiya ta ware mutum biyu ko uku masu ido a kan kayan wuta, duk wanda zai saya ya nemi ɗaya ya raka shi. Ni na ba da ranar Asabar ɗina da safe, ba na karɓar ko kwabo, kuɗin mota kawai. In kuma mutum huɗu ko biyar suna da niyya a lokaci ɗaya, mu haɗa mu je wurin dila gaba ɗaya, za a fi yi mana ragi. Mai bukata ya ba Sakatare sunansa bayan an tashi.

 In akwai tambaya ina nan. Allah Ya sa albarka a abin da muke nema, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.