Wa ke gadin iskar Arlit?

Ƴan uwa matasa, kun san nan Agadez akwai tashar da ke tace iska dare da rana? Tana cikin tashoshi 80 da yarjejeniyar hana gwajin nukiliya ta 1996 ta tanada. In wata ƙasa ta tayar da bam a ɓoye, ƙurarsa kan maƙale a matacin, a aika sakamakon Viyana. Sahara ta san wannan ƙura: a 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta a Reggane, cikin Aljeriya.

To, muna gadin iskar duniya. Wa ke gadin ta Arlit, inda ake haƙar uraniyom tun 1971? Mu nemi a auna, a faɗa mana sakamakon da Hausa da Tamashek.