Man kariya daga hasken waya: wa ya gwada shi, kuma da me?

Yau mun ajiye siyasa, maganar fata za mu yi, kuma ƙanwata ce ta jawo ta.

Makon jiya ta shigo gida da wata 'yar mitsitsiyar kwalbar man shafawa da ta saya a Instagram, naira dubu 18, kuɗin adashinta kaf. Na ce, "Ke, me yake yi?" Ta ce, "Yaya, hasken waya ne ke sa fuskata duhu, wannan yana tarewa." Na juya kwalbar gaba da baya. An rubuta yana kare fata daga shuɗin haske, amma babu lamba, babu bayanin gwaji. Shi ne na zauna na yi karatu.

Da farko dai, shuɗin haske ba ƙarya ba ne. Yanki ne na hasken da ido ke gani, mai tsawon zango kimanin nanomita 400 zuwa 500. Kuma mu masu baƙar fata ya fi shafa. A 2010, masu bincike a asibitin Henry Ford da ke Amurka sun haska hasken da ido ke gani a bayan mutane. Masu duhun fata suka ƙara duhu, duhun ya daɗe, farare kuwa ba su canza ba. A 2014 wasu a birnin Nis na Faransa suka ware launukan: shuɗi mai nanomita 415 ya sa duhun da ya kai wata 3, ja mai 630 bai yi komai ba.

To amma ku lura, a ina ake samun hasken da ya kai wannan ƙarfin? A rana. A 2020 masu binciken na Nis suka ɗauki mutum 12 masu baƙin tabon nan na kumatu da goshi da ke yawan fito wa mata, wanda likitoci ke kira melasma. Suka haska musu gefe ɗaya na fuska da haske daidai da zaman awa 8 a gaban allon kwamfuta, kwana 5 a jere. Tabon bai ƙaru ba. Ƙaramin gwaji ne kuma na ɗan lokaci, na yarda. Amma ƙanwata da ke tsayuwa a titi da ƙarfe 2 na rana tana jiran adaidaita sahu, wallahi ba wayarta ce matsalarta ba.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. SPF ɗin da kuke gani, 30 ko 50, yana da ƙa'idar gwaji ta duniya, ISO 24444. Ana shafa miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fatar mutum, a haska, a auna. Amma kariya daga hasken UV mai ƙona fata yake aunawa, musamman UVB, ba ruwansa da shuɗi. Shi shuɗin haske ba shi da ƙa'ida guda da kowa ya amince da ita, kowane kamfani da tasa hanyar. Wani ya shafa man a farantin roba, na'ura ta auna hasken da ya ratsa. Wani ya zuba shi kan ƙwayoyin fata da aka raina a ɗakin gwaji, ya ga lahanin ya ragu. Wani kuma ya gwada a jikin mutane, ya auna launin fatarsu kafin da bayan. Duka ukun za su iya rubuta kalma iri ɗaya a kwalba, alhali farantin roba ba ya gumi, ba ya alwala, ba ya shan ƙurar hunturu. Ko na mutanen ma sai ka tambaya: masu wace irin fata?

Abin da gwaji ya fi nuna yana aiki shi ne sinadarin tsatsar ƙarfe, wanda ke ba hoda da man fuska launinsu. A Meziko, a 2014, an raba masu melasma gida biyu, kuma waɗanda man kariyarsu ke ɗauke da shi sun fi samun sauƙi. Dalilin a fili yake: abin da zai tare hasken da ido ke gani, dole shi ma ido ya gan shi. Man da ya ɓace tas a fata kamar ruwa, da wuya ya tare wani abin kirki. A jerin sinadaran kwalba ku nemi CI 77491, CI 77492 ko CI 77499.

Wani abu kuma da ya fi ba ni tsoro: idan mai ya yi alkawarin "kariya" da "haske cikin kwana 7" a lokaci guda, ku yi hattara, kada bilicin ne ya sake riga. Ku duba lambar NAFDAC. Wanda tabonsa ke yaɗuwa kuma, ya ga likitan fata.

Mun duba ta ƙanwata tare, babu CI ɗin ko ɗaya, babu SPF, babu lambar NAFDAC. Ta tura wa mai sayarwar tambaya: a ina aka gwada, kuma a kan wa? Kwana 4 ke nan, an karanta, ba a amsa ba. Ku ma ku ɗauko naku ku duba, ku faɗa mini abin da kuka gani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.