Jawabi Kan Tsadar Babbar Waya A Taron 'Yan Asalin Matsinkai



Da yawanmu mun tuna 2001, lokacin da layin MTN ya kai naira 20,000. Da Glo ya shigo a 2003, gasa ta karya farashi har layi ya zama na kowa. Babbar waya ma Tecno da itel sun sassauta kuɗinta, sai dai da dala ake shigo da ita. Faɗuwar naira a 2023 ta sake nesanta ta da manominmu na gida, ko ya haye Segbana a Benin, sefa ta fi ƙarfin aljihunsa.

Shawarata, ƙungiya ta saro wayoyi da yawa a kasuwar Farm Centre ta Kano, inda sari ke rage kuɗi, manoma su biya kaɗan-kaɗan bayan girbin shinkafa. Ni zan fara zuba nawa kason yau.