BAƘIN ALLO BA MUTUWAR KWAMFUTA BA NE

Jawabi ga ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan Wurno da Rabah da Goronyo



Abin da ya tara mu yau, wanda ya ji shi daga nesa zai ɗauka ƙaramin al'amari ne, wato matsalar direban katin hoto a kwamfutar da aka ɗora wa Linux. Amma duk wanda ya taɓa kunna kwamfuta ana saura kwana biyu ya miƙa kundin digirinsa, ya ga allo ya yi baƙi ƙirin, ya san maganar ba ta wasa ba ce.

Bari mu fara da dalilin da ya sa abin ya shafe mu. Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu, da waɗanda ake samu a makarantu da ofisoshin ƙananan hukumominmu, na gwanjo ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso mana. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta yarda da yawancin tsofaffin na'urori. A ɗaya gefen, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ke nan ƙanenmu da ke sakandare a Rabah ko Goronyo, in bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, an ci rabinsa tun bai zauna ba. Ba mu da halin jefar da tsohuwar kwamfuta. Da tsohuwar zuma ake magani.

A nan Linux ta shigo. Wani ɗalibi kamarmu, Linus Torvalds, ya fara ta a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland a 1991, ya kuma bar rubutunta a buɗe, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Daga cikinta aka gina ire-iren su Ubuntu a 2004 da Linux Mint a 2006. Ba a biyan kuɗin lasisi, kuma akwai nau'o'inta marasa nauyi da tsohuwar na'ura ke iya ɗauka. Sai dai inda mutane da yawa ke karaya shi ne wajen hoto.

To, mene ne direba? Haka masu sana'ar ke kiransa, amma aikinsa na tafinta ne. Katin hoto shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, kuma yana da yarensa. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ita ma da nata. Direba ne ke tsakani. In tafinta ya yi shiru, ko aka kawo wanda bai iya yaren ba, sai allo ya yi duhu, ko rubutu ya kumbura, ko bidiyo ya riƙa sarƙewa, alhali na'urar lafiyarta lau.

Kamfanoni uku ne ke ƙera yawancin katunan nan: Intel da AMD da Nvidia. Na biyun farko, direbobinsu a buɗe suke, suna cikin zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, don haka galibi ba a bukatar sauko da komai. Nvidia kuwa ta daɗe tana rufe nata, har masu sa kai suka zauna suka lalubo yadda katunan ke aiki, suka rubuta wani buɗaɗɗen direba mai suna Nouveau. A 2012 Torvalds ya fito fili a Jami'ar Aalto ya caccaki kamfanin a kan wannan hali. Sai a watan Mayu 2022 Nvidia ta buɗe wani sashe na direbanta, shi ma don sababbin katuna kawai. Mu masu tsofaffi, wannan sassauci bai iso mu ba, shi ya sa dole mu iya gyara da kanmu.

Abu na farko, a san katin kafin a taɓa shi. Rashin sani ya fi dare duhu. A buɗe tagar umarni a rubuta lspci -k, za a ga sunan katin da direban da ke riƙe da shi. Wasu kwamfutocin cinya katuna biyu gare su, na Intel don aikin yau da kullum, na Nvidia don aiki mai nauyi. Haka kuma, kafin a ɗora Linux, a fara gwada ta daga filash ba tare da an goge komai ba, a kuma kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, in allo ya yi baƙi bayan kunnawa, kada a yi gaggawar goge komai. A danna Ctrl da Alt da F3 tare. In rubutu ya fito yana neman suna da kalmar sirri, to kwamfuta na da rai, tafinta ne kawai ya ɓace. In hakan bai yi ba, a sake kunnawa, a riƙe Shift ko a danna Esc har jerin zaɓin GRUB ya bayyana, a danna e, a ƙara kalmar nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, sannan a danna F10. Wannan ba magani ba ne, sanda ce ta dogarawa har a shiga a yi gyara. Bayan an shiga, umarnin dmesg da journalctl -b suna nuna abin da na'urar ta rubuta game da ciwonta. Mai magani na ƙwarai yakan saurari majinyaci kafin ya jiƙa saiwa.

Na uku, a zaɓi direban da ya dace da shekarun katin, domin sabo ba kullum ne ya fi ba. Nvidia ta ware wa tsofaffin katuna jerin 340 da 390 da 470, ta kuma daina kula da su ɗaya bayan ɗaya, a 2019 da 2022 da 2024. In aka ɗora wa tsohon kati sabon direba, ba za su fahimci juna ba. A Ubuntu, umarnin ubuntu-drivers devices yana faɗin wanda ya dace. Linux Mint ma tana da tagar zaɓen direba. A ɗauko daga rumbun manhajar da ake amfani da ita, kada a gauraya shi da wanda aka sauko daga shafin kamfani, domin tafinta biyu a bakin sarki ɗaya rikici ne. In an riga an gauraya, a share duk abin da sunansa ya fara da nvidia, a sake daga farko. In kuwa katin ya tsufa ƙwarai, a bar shi da Nouveau. Ya isa rubutu da lissafi da gwajin jarrabawa.

Na huɗu, akwai mai gadi da ake kira Secure Boot, wanda ba ya barin direban da ba shi da hatimi ya shiga. Lokacin ɗora direban Nvidia za a nemi a sa kalmar sirri, in an sake kunnawa kuma wani shuɗin allo zai fito yana neman a yi rajistar makullin MOK. Mutane da yawa sukan tsorata su wuce shi, daga nan direba ya ƙi tashi. A tsaya a karanta, a yi rajistar, a sa kalmar da aka zaɓa.

Na biyar, in jiya lafiya, yau bayan sabuntawa hoto ya lalace, to kanel ne ya canza, direba bai bi shi ba. Aikin DKMS ne ya sake gina direban, kuma dkms status zai nuna ko ya yi. Kafin a gyara, ana iya komawa tsohon kanel daga jerin GRUB a ci gaba da aiki.

Saura biyu, waɗanda littattafan Turawa ba su cika kula da su ba, amma mu mun san su. Ɗaya wuta ce. In aka ɗauke ta ana tsakiyar ɗorawa, kuma batirin gwanjo ya mutu, direba zai tsaya rabi da rabi. Umarnin sudo dpkg --configure -a yakan ƙarasa abin da ya katse, amma ya fi kyau kada a fara sai batir ya cika ko ana kan sola. Ɗayan kuma zafi ne da ƙura. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura maki 40, ƙurar hunturu kuwa ta riga ta toshe fankar na'ura. Kwamfutar da ke tashi lafiya, sai bayan rabin sa'a ta daskare ko ta mutu, wataƙila ba direba ke damunta ba, numfashi take nema. A share fanka, a ɗaga ta daga kan katifa ko tabarma.

Yayyenmu ma'aikata, muna da roƙo biyu gare ku. Kada a canza manhajar kwamfutar ofis sai da izinin na gaba, kuma sai an adana takardun jama'a. Sannan in an nemi shawararku wajen sayen na'urori don makaranta ko ofis, ku duba katin hoto kamar yadda ake duba haƙoran doki. Mai Intel ko AMD ya fi sauƙin riƙo ga wanda ke nesa da mai gyara.

Mu kuma ɗalibai, hutu na zuwa. Intanet ta fi ƙarfi a birnin Sakkwato, to mu sauko da abin da ake bukata tun a nan, mu zuba a filash, mu tafi da shi gida. Mu rubuta matakan nan da Hausa a takarda ɗaya, mu manna a bangon ɗakin kwamfutar makarantar da ta yaye mu, mu kuma koya wa yaro ɗaya ko biyu. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, tana tare ruwa mai yawa, amma manomin albasa da shinkafa ba ya amfana sai ruwan ya bi magudana ya isa gonarsa. Haka ilimin da muke tarawa a jami'a yake.

Ba baƙon abu muke nema ba. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har rasuwarsa a 1837, yana mulki yana kuma rubutu, har a fannin magani. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya tsaya aka kafa jami'ar Zariya a 1962. 'Ya'yan waɗannan garuruwa bai kamata baƙin allo ya sa su naɗe hannu ba. Mu duba, mu karanta, mu tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.