Jawabi a kan Asibitocin Mishan na Ƙasar Kano, da Yadda Suka Sake Hannu

 

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado a 1926, kuturta na cikin cututtukan da suka dami hukuma. En'e ta keɓe wa kutare mazauni, amma likita ya yi wuya. Sai a 1937 aka danƙa aikin ga Mishan ta SIM, a Kano da Katsina da Sakkwato. Na Kano shi ne Yadakunya, na Katsina Babbar Ruga, na Sakkwato Amanawa.

Shirin kuwa na haɗin gwiwa ne. Ƙasa ta Sarki, Baitulmali na taimakawa da kuɗin harajin talakawa, likitoci da masu jiyya na Mishan. Sarakuna ba su saki jiki ba, gama sun san baƙin nan da wa'azi suka zo, sai suka sa ido kada a tilasta wa majiyyaci a kan addini. Maganin lokacin allurar wani mai ce daga Indiya, mai zafi, mai jinkirin aiki. Mutum ya bar gonarsa a Tudun Kaya, ko wani ƙauyen Karaye ko Rogo, ya shekara biyu ko uku a can, ya dawo bai tabbata ya rabu da ita ba. Sai wajen 1950, da ƙwayar dafson ta iso, a ke iya shan magani a ɗakin magani na kusa da gida.

A 1943 SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, Likita Hursh ya ke shugabanta. Makafi suka yi ta kwararowa, yaro na jan sanda.

Sa'an nan hannu ya sake. Aka kafa ECWA a 1954, aka yi Jihar Kano a 1967. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin kutare. A 1976 SIM ta miƙa wa ECWA sauran ayyukanta, har da asibitin ido. A shekaran nan kuma aka rushe En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta. Watau uwa biyun da suka yi renon aikin sun sauka kusan tare, abin da aka gina da hannu biyu ya rabu. Yadakunya ta koma ƙarƙashin gwamnatin jiha, asibitin ido ya zauna hannun ikilisiya.