Dalma a Kwanon Cinmu: Jawabi ga Ɗalibai da Ma'aikata 'Yan Gwiwa



Ƙasar nan ta san gubar dalma sosai a 2010, lokacin da ta halaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Mu a Gwiwa, Roni da Kazaure muna iya cewa abin ya yi mana nisa. To, amma dalma tana da wata ƙofa, ita ce kwanon da muke ci a ciki.

Masu yin tangaran sun daɗe suna zuba dalma a ruwan sheƙin da suke shafa wa faranti, domin tana sa shi narkewa da sauri, ya fito sumul. Idan gashin bai kai ba, ko farantin ya tsage, abu mai tsami yakan kankaro ta. Ku dubi cimarmu: kunun tsamiya, zoɓo, fura da nono, miyar tumatir. Zafi da daɗewar abinci a kwano suna ƙara yawanta. Tambulan mai nauyi da ƙyalli, wanda ake kira kiristal, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jikinsa sinadarin dalma ne.

Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, wanki kuma ba ya fid da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado nata da ba ya cutarwa, kuma cikin yaro yakan sha ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba yake sha. Ɓarnar a ƙwaƙwalwa take; sai a ga yaro ya kasa karatu, a ce daƙiƙi ne.

Mu ne za mu yi wa ƙannenmu mata sayayyar kayan ɗaki, don haka shawara a hannunmu take. Faranti mai zanen ja, rawaya ko ruwan goro a cikinsa, musamman wanda yatsa ke jin tudun zanen, a bar shi a jere don ado. Wanda ya tsage a daina ci a ciki. A zuba wa yara a kwanon silba ko gilashi marar zane.

Abin dariya, ƙwarya da akushi da tukunyar ƙasa, waɗanda boko ya sa muka raina, ba a shafa musu wannan sheƙi ko kaɗan. In mun koma hutu, mu fara da duba kwanon da ake dama wa ƙaramin gida kunu.