Amsoshin Wasiƙunku: Wace Taya Ce Ta Dace Da Lokacin Bazara?

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi da ke cin kasuwar Dandume da ta Dawanau da ƙaramar motarsa. Ya ce tayarsa biyu sun fashe a bazarar da ta wuce, mai shago kuma ya nuna masa wata mai tsada, wai tayar zafi ce irin ta motocin gudu. Yana tambaya: ya saya ko kuwa? To Alhaji, mun gode, ga amsa.

Da farko, a Turai da Amurka masu ƙira sun raba taya bisa yanayi. Akwai ta hunturu, wadda robarta ke da laushi don ta kama hanya idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Akwai ta lokacin zafi, wadda ke jure wa kwalta mai zafi, ta kuma iya ruwan sama. Akwai ta tsaka-tsaki. Mu nan, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, kwalta kuwa ta fi haka zafi. Saboda haka tayar hunturu ba tamu ba ce ko kaɗan. Abin takaici, cikin tayoyin gwanjo da ake kira Beljiyam akwai irinta da yawa. Haƙoranta manya ne, sai mutum ya ɗauka ya yi tsintuwa, alhali a kwaltarmu saurin cinyewa take, birki kuma ba ya kamawa da wuri. Yadda za ka gane ta: duba gefenta, za ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, fuskarta kuma cike da ƙananan tsage-tsage kamar an yi da reza. In ka ga haka, ka bar ta ko nawa aka rage maka.

Sai mu zo kan wadda mai shago ya nuna maka. Irin wannan taya lalle tana kama kwalta, tana jin birki. Amma yawancinsu faɗi gare su, gefensu gajere ne, misali 225/45 R17. An yi su ne don shimfiɗaɗɗiyar hanya. A hanyar ƙauye mai ramuka, rami ɗaya ya isa ya kumbura mata gefe ko ya lanƙwasa wili, ga ta da saurin suɗewa. Kai mai ɗaukar buhu, ba gudu kake nema ba, juriya kake nema.

To me za ka duba? Karanta rubutun gefen taya, in ba ka iya ba ka tafi da yaron da ya iya. Mu ɗauki 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, 15 kuma girman wili a inci. Ka tsaya kan girman da kamfanin motarka ya rubuta, yana nan manne a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. Lamba 91 ita ce ta nauyi: taya ɗaya kilo 615. Harafin H gudu ne, kilomita 210 a awa. T 190 ne, V kuwa 240. Kada ka sayi wadda lambarta ko harafinta ya gaza na asali.

A nan fa sai mu yi lissafi, Alhaji. Tayoyin baya biyu masu lamba 91 iyakarsu kilo 1,230, kuma a ciki har da nauyin bayan motar kanta da fasinja. Buhun masara ɗaya ya kai kilo 100. In ka lafta goma a baya, ka wuce ƙa'ida tun kafin ka bar kasuwa. Masu bas da a-kori-kura su nemi taya mai harafin C, kamar 195 R14C mai lamba 106, wadda ke ɗaukar kilo 950.

Akwai kuma inda aka rubuta TEMPERATURE, da A ko B ko C a gabansa. Wannan jimirin zafi ne. A ta fi, B ta biyo, C ita ce ta ƙarshe. Ka nemi A, in ba ta samu ba B.

Kada ka manta da shekarunta. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. In ka ga 2321, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Tun 2000 ake wannan tsari. Mai lambobi uku ta girmi haka, ba ta hawuwa. Roba na bushewa ko ba a hau ta ba. Jami'an hukumar kiyaye haɗura ta Nijeriya kan ja kunne kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Zurfin haƙori kuma in ya sauka zuwa milimita 1.6, ta gama aiki.

Abu na ƙarshe, iska. Wasu direbobi kan rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe. Wannan kuskure ne babba. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, sai ta ɗau zafi, ƙarfen cikinta ya rabu da roba, ta fashe ana cikin gudu. Ka je wurin mai faci da safe kafin taya ta yi zafi, ya sa geji, kada ya tsaya ga bugu da ƙafa. A duba har da safaya. In kuɗinka na biyu ne kawai, ka sayi iri ɗaya, ka ɗaura sababbin a baya.

Araha dai ba ta ado, kuma rayukan da ke cikin motar nan amana ce a wuyanka. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.